Ke Ki Zo Ki Karanta Mata

Yau Asabar. Ƙirjin ya ɗan lafa, ido kuwa kullum ƙara dushewa yake.

Na kai babi na bakwai a littafin koyon Java, yaren kwamfuta, da 'yata Hajara ta bari nan Bunkure. Ba ni da kwamfuta, da biro nake rubuta darussan, in ja layi da rula yadda aka koya mana.

Littafin ya ce a fara yin ƙira guda, sannan a riƙa fitar da abubuwa daga cikinta, kamar akwatin buga bulo. Sai na yi ƙirar gona: mai ita, ƙofar da ke ba ta ruwa, ranar da take sha. Aikina ke nan kafin ritaya, buɗe wa manoma ruwa. Abokan aikina sun rasu, tsohon tsarin rabon a kaina kawai ya rage. So nake in ga kwamfuta ta riƙe shi tun ina gani.

Ranar Laraba na kira Hajara.

"Baba, kwamfuta fa ba ta karanta rubutun hannu," in ji ta, tana dariya.

"To ke ki zo ki karanta mata, uwata. Ai kina gane rubutuna."

Can ta ce, "Asabar in Allah ya yarda."

Ku masana, in an samu kuskure ɗaya a rubutun, duka kwamfuta take ƙi, ko tana yi wa tsoho uzuri?

Tun hantsi na shimfiɗa tabarma biyu. An sallame la'asar, ba ta zo ba.