Wata Yarinya a Ƙarƙashin Ruwa

Gidanmu na Sharada ɗaki biyu ne, a bayan wata masaƙa inda Baba yake aiki. Da magariba ta yi, sai ya rataya kwanon tuwonsa a keke ya tafi, sai gobe da safe. Daga ni sai Iya, kakata ta wajen uwa. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba, ko fuskarta ban riƙe ba. Babu mai zancenta a gidan. In na tambayi Iya, sai ta ce, "Ke, tashi ki kawo mini maficina." Abin yana cina ƙwarai, wallahi.

Bayan an sauke tukunya, mukan zauna bakin murhu. Wani lokaci yaran maƙwabta su shigo a sha tatsuniyar Gizo. Amma ranar da muke mu biyu, wani labari daban take ɗaukowa, kullum shi, ba ta gajiya.

Wai lokacin da suke Gana, kakana yana fataucin goro, wata rana ya kwashe su a mota zuwa wani daji kusa da Kintamfo, su ga ruwa. Sun tafi da dafaffiyar doya da yaji. Aka yi ta gangara tsakanin itatuwa.

"Tun daga nesa kike jin rugugi," in ji ta. "Kin ji ƙarar masaƙar nan in an tashi injuna duka? To, wannan wasan yara ne. Ruwa ne a tsaye, 'yar nan! Daga kan dutse yake zubowa, fari fat."

Ni da ban san wani ruwa ba sai na famfo da na kwatar da ke bin bayan kamfani, yau ja gobe shuɗi, sai in ce, "Kai Iya! Ruwa ai kwanciya yake."

"Ja'ira, ke me kika sani?"

Daga nan sai muryarta ta sauka. Wai akwai wata yarinya a wurin, mai ƙiriniyar tsiya. Ta fizge hannu, ta ruga ta shige ƙarƙashin ruwan da zanenta. Kowa salati, ita kuwa dariya take ƙyaƙyatawa, tana ihu wai ruwan yana mata duka. Da aka fito da ita tana rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, buɗar bakinta sai ta ce a bar ta ta koma. Nan Iya take tsayar da labarin, ta yi ta tona toka da tsinke. Ni dai na ɗauka 'yar wasu ce da suka tarar a can.

Bayan rasuwar Iya, har na yi aure, na taɓa ba Baba labarin nan muna hira. Sai ya dube ni ya ce:

"Ashe ba ki sani ba? Ai uwarki ce. 'Yar farinta ce, yaya za ta kama sunanta?"

Kunyar 'yar fari ta hana Iya ambaton suna, ta hana ta kuka a gaban mutane, amma ba ta hana ta ba ni uwata ba. Shekara da shekaru tana miƙo mini ita a bakin murhu, ni kuma ina can ina gardamar tsayuwar ruwa.

Yanzu yarana sukan nuna mini hoton wurin a waya. Ruwan yana nan, a tsaye, yadda ta faɗa. Sai dai duk wanda ya je wurin a ranar ya riga mu gidan gaskiya, kuma tambaya ɗaya ce tak nake da ita: yarinyar nan, in ta yi dariya, ta yi kama da ni?