Mararar Uwa

A layinmu na Dar Salam, idan aka ce marara, Uwa ake nufi. Shekara ashirin tana da rumfar abinci a gefen Kasuwar Libiya. Ɗanyar hanta take yankawa ƙanana, da huhu da tumbi, ta zuba albasa da shatta, wato barkono, da lemun tsami, ta ɗiga ɗan ruwan matsarmama, babu wuta ko kaɗan. Mahauta da direbobi har layi suke yi. Mace ce mai baki, ni maƙwabciyarta na sha zagi a kan akuyata fiye da a ƙirga, amma hannunta a buɗe yake.

Abu biyu ta mallaka a duniya bayan rasuwar mijinta: 'yarta Mawahib, da wata tsohuwar kyanwa mai ido ɗaya da ta tsinta a kwata shekara tara da suka wuce. Kyanwar a kan ƙafarta take kwana.

Da Mawahib ta samu cikin fari, kwaɗayin marara ya taso mata. Mu kuwa a wajenmu ba a hana mai ciki abin da ranta ke so, ana cewa tabon abin zai fito a jikin yaro. Kullum Uwa ta dawo da kwano a rufe, daga hantar da ta fi kyau.

Aka haifi yarinya, aka sa mata Aya. Wata huɗu ba ta bin haske da ido. A asibiti aka auna jini, aka ce cutar kyanwa ce ta kama uwar tana da ciki, ta taɓa idon jaririyar, kuma gani ba zai dawo ba. Uwa ba ta ko cire mayafi ba da ta shigo gida. Ta kira kyanwar, ta zo da gudu, ta saka ta a buhu, ta ɗaure baki, ta hau mota zuwa inda gidaje suka ƙare. Ta dawo hannu wofi. Ban taɓa tambayarta ko ta kwance buhun ba, don ina tsoron amsar.

Bayan wata biyu Dakta Mahir, likitan dabbobi mai duba nama a kasuwa, ya zo shan shayi, ta ba shi labari tana tsine wa kyanwa. Ina wurin ina taya ta wanke kwanuka.

"Ya Hajja, kyanwar shekararta nawa?" ya tambaya.

"Tara."

Ya girgiza kai. "Kyanwa sati biyu ko uku take zubar da ƙwayar cutar nan a kashinta, galibi tana ƙarama, daga nan da wuya ta sake. Ki tara ɗari yau, da kyar ki samu ɗaya ko biyu suna zubarwa. Ban ce ba zai yiwu ba. Amma ni naman da bai ga wuta ba na fi tsoro. Ba dai 'yarki ta ci ɗanye da cikin ba?"

Bai san abin da ya taka ba, bawan Allah. Uwa tana riƙe da wuƙa, hanta a gabanta. Ta ajiye wuƙar a hankali, ta ce, "Shayinka zai huce, Dakta."

Washegari babu marara a rumfar, kuma ba a sake yi ba. Masu ciniki suka watse rabi. Ta rantsar da ni kada Mawahib ta ji, na kuma riƙe, ko da yake abin yana cin raina.

Bana Mawahib ta sake samun ciki. Ranar Juma'a ina zaune ta ce wa uwarta, "Yumma, marara nake so, ko loma ɗaya." Uwa ta tashi, ta soya hantar har ta yi baƙi, ta kawo. Aya tana lalube a tabarma tana neman ƙafar kakarta.

Mawahib ta ɗanɗana ta ture kwanon. "Haba Yumma, wannan ai gawayi ne. Kin manta girki ne?"

Uwa ta ɗauki Aya ta ɗora a cinya. "Na manta," ta ce. "Tsufa ne."