Kunun Dije Mai Kwana Uku

Duk hutun makaranta a ƙarshen shekarun tamanin, Baba kan sa ni a mota daga Kalgo zuwa Gwandu wurin kakata, Inna Hajo. Sana'arta kunun zaƙi. Bayan magariba take ɗora ruwa a murhu, mu jikoki mu zagaye wutar. Ni ba mai surutu ba ce, sai kallo. Na san kanumfarinta cikin murfin kwalba ne, barkono ɗaya tal, citta kuwa sai ta gutsura ta ji zafinta tukuna. In za ta gyara ɗanɗano, abu ɗaya take canzawa a kowace tukunya, don ta gane wanda ya yi aikin. Takan dama yawancin ƙullun da tafasasshen ruwa, ta jira ya huce kafin ta zuba ɗanyen mai tsiron dawa. A wannan jiran muke samun tatsuniya.

Wata rana na ga ta tuntsurar da ragowar kunun jiya a bayan ɗaki, wajen rabin tukunya. Na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ai asara ce."

Ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya. "Yau bebiya ta yi magana! Matso, wagga tatsuniya taki ce."

Wai a wani gari na bakin gulbi an yi wata Dije, wadda kununta ba wanda ya taɓa cewa a ƙara masa wani abu. Zaƙin bai danne yajin ba, tsamin kuma sai an haɗiye ake jinsa. Ran nan kasuwa ba ta ci ba, kunu ya kwana. Ta ji tausayin geronta, ta ɗebi ludayi ɗaya na tsohon ta zuba a sabo. Masu saye suka ce, "Dije, na yau ya fi!" Washegari ta zuba biyu. Daga nan ta fara ajiye tukunya da gangan, kwana biyu, kwana uku, har tana jin ta tana tsuwa a cikin ɗaki, kumfa na ɗaga faifai. Ta daina ɗanɗanawa da kanta. Mata suka rage zuwa, maza suka ƙaru, suna sha suna dariyar da ba ta da dalili.

Babban mai sayenta shi ne Ɗan Jumma, mai ƙetarar da mutane a kwale-kwale. Wata safiya da gulbi ya cika ya batse, ya shanye ƙwarya biyu, ya tashi yana laluben filafilinsa na tuƙi alhali yana hannunsa. Dije ta gani, ta kawar da kai. Sai da kwale-kwalen ya kai tsakiyar ruwa ta hango jan kallabi a cikinsa. Ɗiyarta ce, za ta gaida kawunta a ƙetare.

Nan Inna ta katse labarin. Ta taɓa ƙullun da bayan hannu, ta zuba ɗanyen, ta rufe. Wuta ta ja baya, inuwarta ta hau bango.

Yayana Bello ya ce, "To sun isa?"

"Mi kake tambayata? Ni ina cikin jirgin? Dije dai har yau tana tsaye bakin gulbi tana kiran sunan ɗiyarta. Ku tashi, ta ƙare."

Na daɗe ina jin haushin Inna da ta bar mu a tsakiyar ruwa. Sai da na girma na gane cewa ba gulbin ne ya fi ba ni tsoro ba. Na bi labarin gaba da baya ina neman ranar da Dije ta yi niyyar mugunta, ban same ta ba. Mace ce mai tattali kamar kowa, yabo ta ji, ta bi shi kaɗan-kaɗan. Ni ma ran nan a bayan ɗakin Inna, tausayin geron na ji.