Tuwon da na auna a Harobanda

Na zaga ƙasashe ina yi wa mutane lacca kan abinci da lafiyar jama'a, ana ta tafi. Wannan labarin dai ban taɓa ba da shi a taro ba.

Shekarar fari ce, soja ke mulki. Ina sabon dawowa daga karatu, ga sikeli, ga kaye na rubutu, ga riga ta sha guga. Aka tura mu ƙetaren gada, Harobanda, inda mutanen ƙauye da yunwa ta koro suka kafa bukkoki. Aikinmu ka wuni a gida, duk abin da zai shiga tukunya ka auna ka rubuta. Da rapor ɗinmu, wato rahoton awon, za a zaɓi gidajen da za a ba hatsin taimako.

A can waje an koya mini kada a faɗo wa mutane ba sanarwa. Sai na aika wa wata dattijuwa mai riƙon jikoki huɗu cewa gobe ina tafe.

Na iske ta tana daka gero. Miyar kuɓewa, har da ɗan busasshen kifi. Na auna, na rubuta. Da ta sauke sai ta turo mini kwano.

"Inna, ni awo na zo yi."

"To ci dai, ɗana. Ko ku masu boko takarda kuke ci?"

Na ci. Har ƙari na karɓa, Allah ya gani. Sannan na cire rabona daga awon, ina jin ni gwani ne, na rubuta cewa gidan nan ba ya cikin matsi.

Ranar da kamiyon, babbar motar hatsi, ya zo, na bi don in ga aikina. Ba a kira ta ba. Na leƙa bukkarta, na ga anza jiƙe a ƙwarya, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai an rasa yadda za a yi. Maƙwabciyarta ta ce mini geron nan na mako guda ne, ta dafe shi duka don baƙon gwamnati zai zo.

Na koma biro, ofishinmu, na roƙi a gyara. Wani mai kaki ya buɗe rapor ɗin, ya nuna mini sa hannuna, ya ce an rufe lis.

Na sayi gero tiya biyu na kai mata. Ta sa mini albarka, ta ce, "Ran nan gishiri ya yi mini ƙaranci, ka yi haƙuri."

Na kasa gaya mata cewa rapor ɗina ne ya hana ta hatsi. Har kamiyon ya daina zuwa, sunanta bai shiga ba.