Wuyan Hannun Rabo

Majami'armu ta Madawa ɗaki ɗaya ce na laka da rufin kwano. Shekaru da yawa ƙofarta ɗaya ce, ƙarama, wadda mutum biyu ba sa fita tare. A bakin wannan ƙofa Rabo yake tsayawa kowace Lahadi in an tashi sujada, duk mai fita sai ya bi ta gabansa. Ba shi da yatsu a hannun dama. A na hagu babban yatsa ne ya rage, da guntun manuni. Saboda haka ba tafin hannu ake kama masa ba. Wuyan hannunsa ake riƙewa, kamar yadda ake yi wa wanda aka tarar yana cin tuwo ko yana kwaɓa laka, a ɗan girgiza, a saki, kowa ya kai hannunsa ƙirji. Tsofaffin mata ma suna yi, yara kuma su kama da hannu biyu. Shi kuwa yana kiran sunan kowa, yana tambayar mutanen gida.

An haifi Rabo a wani ƙauye kusa da Deule, cikin ƙasar Buza. Kakansa bai taɓa salla ba, mahaifinsa kuwa ya musulunta yana magidanci. Rabo yana saurayi wani tabo ya fito masa a baya, wanda ko an soka masa ƙaya ba ya ji. Aka sha sassaƙe, aka yi hayaƙi, har yatsu suka fara tafiya. Sai aka yi masa bukka a bayan rumbuna, aka ware masa ƙwarya da akushi. Iyayen yarinyar da yake nema suka maido da kaya. Ƙanensa Hamidu ne ya ɗora shi a jaki har bakin hanya, daga nan mota ta kai shi wani asibitin mishan ta wajen Maraɗi. Can ya daɗe. Cutar ta mutu a jikinsa, likita ya tabbatar masa ba zai shafa wa kowa ba, amma abin da ta ci ba ta mayar ba. Can kuma ya zama Kirista.

Bai koma gida ba. Ya sauka Madawa, ya samu gadin rudu, bukkokin kara da manoma ke ajiye albasa a ciki kafin ta yi tsada. Masu albasa suna son aikinsa, don ko ɗaya ba ta ɓacewa a hannunsa. Duk da haka in za su ba shi goro ko fura, a ƙasa suke ajiyewa, ya sunkuya ya ɗauka. A kasuwa daga nesa ake gaishe shi. Bai yi aure ba.

Malam Jika, tsohon mai bishara da ya kafa ikilisiyar, shi ya ba Rabo ƙofa. Bai taɓa yin wa'azi a kan lamarin ba. Wata Lahadi ce kawai ya tsayar da shi a nan, ya riƙe wuyan hannunsa, ya kai hannu ƙirji, ya fita. Na bayansa ba su da wata hanya, sai suka yi yadda ya yi. Da farko akwai masu zagayawa bayan katanga su goge hannu da ƙasa. Sannu a hankali aka bari. Yaran da aka haifa daga baya ba su ma san akwai abin tunani a ciki ba. Malam Jika ya kuma ba shi ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiyar bedi. Rabo yakan ɗaure guntun rodi a hannunsa da roba ya buga.

Lokacin korona, da aka hana ba da hannu, ya ci gaba da tsayawa a ƙofa hannunsa a baya. Yakan ce wa masu fita, "To, bana kowa ya zama ni." Da aka sake, shi ya fara miƙa nasa.

Malam Jika ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Aka turo mana Fasto Isufu, matashi mai himma da ya yi aiki a wata babbar majami'a a Yamai. Ba mai girman kai ba ne. Shi ya nemo taimakon da aka ƙara faɗin ɗakin, aka buɗe ƙofa ta biyu, babba, a gefen gabas. Shi kuma ya kawo runguma. Ya ce ba da hannu gaisuwar kasuwa ce da ta buro, wato ofis, wadda ake yi ko da wanda ba a so, ƴan'uwa kuwa ƙirji da ƙirji suke haɗuwa. Ya ɗauke gaisuwa daga bakin ƙofa ya sa ta tsakiyar sujada, bayan waƙa ta biyu. Sai ya ce, "Kowa ya tashi ya rungumi na kusa da shi."

Samari suka so abin. Manya suka ƙi. Iya Sabuwa, shugabar zumuntar mata, ta tare shi a ƙarƙashin bedi.

"Fasto, ni mijina har ya mutu bai rungume ni gaban mutane ba. Yanzu da tsuhwana zan hwara da mazan wasu?"

"Iya, cikin Ubangiji ne."

"Maƙwabta da ke leƙowa ta taga ba cikin Ubangiji suke gani ba."

Aka yi makonni ana gardama. Dattawa suka zauna, ni ina rubuta abin da ake faɗa, kamar yadda aikina na magatakarda yake. Aka yi maganar matan aure, da ƴan mata, da abin da mutanen unguwa za su ce, tunda ba mu da yawa a garin kuma ido na kanmu. Aka yanke cewa maza su rungumi maza, mata su rungumi mata. Kowa ya gamsu. Sunan Rabo bai fito a zaman ba.

Bencinsa na ƙarshe ne, kusa da tsohuwar ƙofa. A da mutum huɗu ko biyar ke zama a kai. Da runguma ta kafu, sai bencin ya fara raguwa. Wani ya ce fanka ba ta kaiwa nan. Wani ya ce ba ya jin wa'azi daga baya. Mutanen da suka shekara da shekaru suna riƙe wuyan hannunsa ba su shirya haɗa fuska da fuskarsa ba, wadda cutar ta cinye wa gira ta kuma danne hanci. In an zo lokacin gaisuwa sai ya miƙe tsaye kamar kowa, ya tsaya shi kaɗai har a gama. In an tashi kuma jama'a su kwarara ta babbar ƙofa, don an riga an gaisa.

Fasto Isufu ya lura, abin kuma ya ɓata masa rai. Wata Lahadi ya sauko daga bagade, ya ratsa tsakiyar mutane har benci na ƙarshe, ya rungume Rabo sosai, ya daɗe bai sake shi ba. Rabo ya sandare, hannuwansa a buɗe gefe da gefe, bai san inda zai sa su ba. Wani saurayi ya ɗaga salula ya ɗauki hoto. Sannan Fasto ya juyo, hannunsa ɗaya a kafaɗar Rabo, ya yi wa jama'a faɗa. Ya ce in shi bai ji ƙyamar kuturu ba, me zai sa su ji. Ya maimaita kalmar sau da yawa. A iya sanina, ba a taɓa kiran Rabo da ita a cikin ɗakin nan ba sai ranar.

Da yamma Rabo ya je gidan Fasto. Ina wurin, na kai wasu takardu. Aka ba shi kujera, ya zauna a ƙasa.

"Fasto, roƙo na zo yi. A maido mani ƙohwa."

"Wace ƙofa, Baba Rabo?"

"Tawa. A bari mutane su hita ta nan, mu gaisa yadda munka saba."

"Baba, wuyan hannu fa suke kama maka. Ba ka ga raini ne ba? Ni abin da ya fi wannan nake nema maka."

"Kai ɗaya ka ba ni rungumar. Da kuwa kowa na ba ni hannu."

"Za su koya."

"Sun riga sun koya, Fasto. Sun mance da ni mine ne. Yau ka tuna musu."

 Fasto ya ce zai kai maganar gaban dattawa, ya kuma cika alkawari.

A zaman, babu wanda ya ƙi Rabo. Sai dai an ce rufe babbar ƙofa bayan wahalar da aka sha wajen buɗe ta ba hankali ba ne, kuma mayar da gaisuwa waje zai sake tayar da gardamar da aka samu ta kwanta. Wani dattijo ya kawo shawarar da kowa ya ga ta yi kyau: dattawa su riƙa karɓa-karɓa, kowace Lahadi ɗaya ya je benci na ƙarshe ya rungumi Rabo. Aka amince ba za a gaya masa ba.

Aka yi haka wata guda ko fiye. Dattijo yakan taho da sauri, ya kawar da fuska gefe, ya ɗan bubbuga masa baya, ya koma. Rabo yana karɓa. Sai wata Lahadi aka samu ruɗani. An fara gaisuwa, babu wanda ya motsa. Imrana mai ɗinki, ɗaya daga cikin dattawan, ya taɓa na kusa da shi, ya ce da muryar da yake zaton ƙasa-ƙasa ce, "Tashi mana, yau kai ne da shi. Ni na yi nawa wancan mako." Gangar waƙa ta riga ta tsaya. Har benci na ƙarshe aka ji.

A ranar, da aka tashi, Rabo ya je tsohuwar ƙofa ya tsaya, ya miƙa hannu kamar da. Iya Sabuwa ta bi ta nan da sandarta, ta riƙe wuyan hannunsa, ta kai hannu ƙirji. Wasu tsofaffi biyu suka bi ta. Sauran suka fita ta gabas. Waɗanda suka hango shi suka ɗaga murya, "Sannu Baba, ai mun gaisa ciki." Ya tsaya har ɗakin ya zama wayam.

Daga nan bai sake shiga ba. Yakan zo da safe ya ɗaura rodinsa, ya buga ƙararrawa, ya kwance, ya koma wajen rudu kafin mutane su taru. Fasto ya bi shi har can fiye da sau ɗaya. Rabo yakan shimfiɗa masa buhu, su yi addu'a tare, amma in an zo maganar dawowa sai ya ce ƙafa ce ke damunsa. Ba ƙarya ba ce duka. Yana da tsohon gyambo a tafin ƙafa, irin wanda ba ya jin zafinsa, kuma ya daina zuwa a wanke masa. Da aka kwashe albasar shekarar, Hamidu ya zo ya tafi da shi Deule.

Labarin rasuwarsa ya iso mana bayan an yi kaka, kwana biyu da binne shi. Muka ɗauki mota, Fasto da dattawa da Iya Sabuwa. Hanyar duwatsu ce, ba mu isa ba sai bayan azahar. Muka tarar da Hamidu a ƙofar gida da ƴan zaman makoki, tsoho siriri mai carbi a hannu. Fasto ya nufe shi da hannuwa a buɗe. Hamidu ya ja da baya kaɗan, ya miƙa masa hannu. Suka gaisa, kowa ya kai hannu ƙirji. Haka muka bi layi muna ba kowa hannu, har muka zauna.

Hamidu ya ce gyambon ne ya ci har ƙashi. Ya ce liman bai hana a yi masa sutura ba, amma ba a kai shi maƙabarta ba, tunda ba a kan salla ya mutu ba. A gefen gonarsu aka sa shi.

"Wa ya yi mishi wanka?" in ji Iya Sabuwa.

"Ni. Wa zai yi?"

Fasto ya tambaya ko ya bar wata magana.

"Bai bar magana ba," in ji Hamidu. "Abu guda dai na kasa ganewa. Duk ran Lahadi da hantsi sai ya sa riga mai kyau, ya ja jiki ya zamna nan bakin zaure. Kowa ya zo wucewa sai ya miƙa mishi hannu. Na ce, Yaya, ka san mutanen garin ga, ka bari. Ya ce haka anka saba can wurinku."



"Suna kamawa?" in ji Fasto.

"A'a. Sannu dai suka ce mishi, daga nesa."

Ya kai mu gonar. An riga an yanke gero, sai kara a tsaye. Kabarin yana kusa da iyaka, an jera duwatsu a kai, an ɗora ƙaya saboda karnuka. Fasto ya yi addu'a gajeriya, muka juyo don kada dare ya same mu a hanya.

Har yanzu ana runguma a majami'armu bayan waƙa ta biyu, maza da maza, mata da mata. Imrana ne ke buga ƙararrawa. Tsohuwar ƙofa kuwa, da aka ga ba a bin ta, an jingina mata kujerun da suka karye daga ciki.