Taƙin Ardo da Tarwaɗar Inna

Gazawa zuwa Maradi

Ana sallame asuba na saɓa koma ta kamun kifi na nufi tasha. Inna ta tashi daga jinya amma ta ƙi abinci, wai ba abin da ranta ke so sai tarwaɗar tabkin garinsu, can bayan Cadakori. Ni kuwa da bakina na ce sai na cika mata kwano.

Motar ta mutane tara ce, muka shiga mu goma sha huɗu ban da akuya. A Agye direba ya sha shayi mu muka sha rana. Hantsi ya ɗaga muka shiga Maradi.

Hanyar Cadakori

A motar Cadakori aka matse ni da wani dattijon Bafillace, dogo, yatsunsa zara-zara. Ƙarnin koma ya sa ya ja rawani ya rufe hanci.

Na ce, "Baba, wanda bai cin kifi ai ya yi asarar rabin duniya."

Ya ce, "To, samari, Allah shi bar muku rabin."

Na yi ta yi masa tsiya har muka sauka. Na kwana gidan kawuna, aka ba ni tuwon gero da miyar kuka.

Bakin tabki

Da safe Sarkin Ruwa ya faɗi dokokin bana: kifi biyu kowane mutum, kuma wanda bai kai taƙi ba a mai da shi ruwa. Na tambayi kawu taƙin wa.

"Na Ardo. Da can namu mutum munka sa awo, kowa na ba shi kihi hannunshi na ƙanƙancewa. Shi ko Ardo bai ci, da mi za ka saye shi?"

Na waiga, sai ga mutumina na mota zaune kan turmi yana nannaɗe hannun riga. Ashe shi ne Ardo.

Har azahar ina cikin taɓo, na fito da tarwaɗa biyu. Ardo ya buɗe yatsun nan a kan ta farko, ta gaza. Ta biyu na ja wutsiyarta da dukan ƙarfina.

"Samari, kifi ne ko roba?"

Mutane suka kwashe da dariya, duka biyun suka koma ruwa. Hawaye ya cika mini ido, na faɗa masa zancen Inna ba tare da na dube shi ba.

Ashe mai awo yana da kasonsa, babbar tarwaɗa guda, kuma kullum ruwa yake mayar da ita. Ya nuna ta da sanda.

"Ɗauka. Ta tsohuwa ce, ba taka ba. Kuma ka matsa da ita daga kusa da ni."

Gida

Na sako ta cikin jarka da ruwa, direba ya karɓi kuɗin mutum guda a kanta. Bayan magariba na iso Gazawa, na gode wa Allah, na gode wa Ardo.

Inna ta shanye romo, ta tsotse kai, ta nemi ƙari. Na fara ba ta labarin yadda na yi kokawa da ita cikin ruwa, sai ta ɗaga hannu.

"Wa ya ba ka?"

Na hau tattara kwanuka, ta ci gaba.

"Ubanka ma haka ya zo neman aurena da kifin aro. Ka gaida mai shi."