Sunaye a Katangar Bamanga

Ɗinki aka koya wa Joda, amma almakashinta ya fi son jarida. A unguwarsu Kagarawal in ka sayi ƙosai sai ka ci da sauri, don tana nan tsaye tana jiran takardar. Ta yanko haruffa, ta dama garin rogo ya yi kauri, ta manna su a kwali su faɗi abin da ta ga dama. Mijinta ya taɓa cewa ta zaɓa, shi ko tarkacen nan. Ta taya shi haɗa kaya.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Gombe, Joda ta lura da abu ɗaya. Kowace jarida ta ɗauka, "mata da yara" take gani, kamar ana ƙirga buhunan masara. Sai ta shiga bin matan ɗaki ɗaki tana roƙon abu biyu: sunan da aka raɗa wa mace, da ƙyalle daga zanin da ta gudo da shi. Yagana ta bayar, Lois ta bayar, wata ma sai da ta yi tunani kafin ta tuna nata. Joda ta manne su a katangar gidansu ta waje, har arba'in da ɗaya, da manyan baƙi a sama: MUNA DA SUNA.

Katangar kuwa ta yayanta ce, Bamanga, mutumin da ko tari zai yi sai ya duba wa ke kallo. Ya ce lokacin nan ba a son taro, ga mutane suna cincirindo a ƙofarsa. Ya ce kuma sunan matar aure a bakin titi rashin kunya ne. Ya ba ta zuwa Juma'a ta kankare.

"Hamma, katangarka ce," in ji ta, don haka take kiran yayan nata. "Ni mannawa na iya. Kankarewa sai kai."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo da cebur da bokitin ruwa, maƙwabta na leƙe. Ya ɗaga cebur ke nan sai ya ga sunaye sun zama arba'in da biyu. A tsakiya, kan wani shuɗin ƙyalle da ya sani tun yana goye, an rubuta MAIRAMU.

Sunan mahaifiyarsu ne. Shekara hamsin da biyar Bamanga bai taɓa furta shi ba, Inna kawai yake cewa, balle ya sa masa cebur.

Ya tambaya a hankali wa ya ba Joda izini. Joda ta nuna zaure da haɓa. Inna na zaune a kan tabarma, almakashi a cinyarta, gefen zaninta da gibi.

"Ni ma na taɓa gudu, shekarar fari da yunwa," in ji tsohuwar. "Ba wanda ya rubuta ni."

Bamanga ya ajiye cebur ya ɗauki bokitin. Sai ya juye ruwan a gindin darbejiya, ya ce dama ita ya fito shayarwa.